Milisakan da nanosakan ba ɗaya ba ne

Ƙanena, ka ce ka ga "ms" a wayarka lokacin da kake gwada saurin intanet, wani kuma ya ce maka ai duk ɗaya ne da nanosakan, tunda dukkansu ƙiftawa da Bismillah ne. Gaskiya ba ɗaya ba ne, kuma ratar da ke tsakaninsu ta wuce yadda kake zato.

Wannan "ms" ɗin milisakan ne. Ka raba daƙiƙa ɗaya gida dubu, kashi ɗaya shi ne milisakan. Ƙiftawar idon da muke buga misali da ita ma tana cin milisakan 100 ko fiye. Wutar lantarkin gidajenmu tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, wato kowane zagaye milisakan 20. Idan ka sake raba milisakan gida dubu ka sami maikirosakan, ka raba shi ma gida dubu, sannan ka iso nanosakan.

Ni dai a ganina lissafin baki ba ya zaunar da abin a zuciya, sai an auna shi da tafiyar haske, wanda ke cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Ka san Bauchi zuwa Gombe wajen kilomita 150 ne, ka bi ta Alkaleri a mota ka share sa'o'i biyu ko fiye. To a milisakan ɗaya haske ya je Gombe ya dawo Bauchi. A maikirosakan ɗaya kuwa mita 300 kawai zai ci, kamar tsawon filin ƙwallo uku a jere. A nanosakan fa? Ɗauko rular da ƙannenka ke zuwa makaranta da ita, mai santimita 30. Ka riƙe ta a hannu ka dube ta da kyau. Iyakar tafiyar haske ke nan, abin da babu wanda ya fi shi sauri. Duk lokacin da na nuna wa ɗalibaina wannan rula, sai ajin ya yi tsit.

Ga wata hanyar kuma. Da a ce za a miƙar da nanosakan ya kai tsawon daƙiƙa ɗaya, da milisakan ya zama kwana goma sha ɗaya da rabi, ita daƙiƙar kuma ta kusa shekara 32.

Kada ka ɗauka wannan aikin 'yan boko ne kawai. Taswirar da ke wayarka tana gano inda kake ne ta auna lokacin da saƙon tauraron ɗan'adam ya ɗauka kafin ya iso. Kuskuren maikirosakan ɗaya tak zai iya kauce maka da mita 300, kana Kasuwar Wunti ta nuna ka a wani layin dabam. Ƙwaƙwalwar wayar ita ma tana bugawa sau biliyan biyu ko fiye a daƙiƙa, kowane bugu bai kai nanosakan ba.

A ƙasan nanosakan akwai fikosakan, sai femtosakan, wanda da shi Ahmed Zewail, ɗan Masar, ya hango yadda ƙwayoyin sinadarai ke haɗuwa da rabuwa, har ya sami kyautar Nobel a 1999.

Saboda haka idan wayarka ta nuna 80 ms, saƙonka ya je ya dawo cikin nanosakan miliyan 80 ke nan.