GARGAƊI: Naira 140,000 na biya aka aiko mani da jabun agogon Rado

Jama'a masu harkar tsofaffin agoguna, musamman 'yan Katsina, ku ji abin da wani macuci ya yi mani. Naira 140,000. Har yanzu in na tuna sai in ji abinci ya fita raina.

Kafin wani ya ce ganganci na yi: shekara goma sha ɗaya ina kwance agogo ina ɗaurawa. Seiko 5 nawa na wanke wa inji na sa wa mai a ɗakina a Ƙofar Ƙaura? Mutane har gida suke kawo mani na iyayensu. Ni ba baƙo ba ne a wannan harka.

A wani zaure na Facebook macucin ya sa hoton agogo Rado DiaStar, irin wadda alhazanmu ke dawowa da ita daga Makka. Na ce ya buɗe murfin baya ya yi mani bidiyo, ya yi. Na ga inji ETA 2836, irin wanda ake samu cikin ta asali, duwatsu 25 (ƙananan duwatsun cikin inji da ke rage gogayya), hannun daƙiƙa na tafiya sumul, bugu takwas a daƙiƙa kamar yadda ya kamata. Na gani da idona! Na tsayar da bidiyon ya fi sau ashirin ina duba lambar injin da ke ƙarƙashin balans, wato ɗan wilin nan da ke kai da komowa cikin inji. To me kuma zan tambaya?

Sai ya kira ni. Nan ne fa. Ya ce, "Alhaji, ta marigayi Baba ce, wallahi asibiti ya sa zan rabu da ita, na fi so ta faɗa hannun wanda ya san darajarta." Wanda ya san darajarta. Maganar nan ita ta kashe mani jiki. Ina tsaye bakin masallaci bayan La'asar na tura 90,000. A'a, 50,000 na fara turawa kafin alƙalami ran Talata, 90,000 ɗin sai da ya turo hoton ƙunshin a hannun direba. Duka dai 140,000, ban da 4,000 da na ba direba a tasha.

Tun a Keke Napep na ji ba ta da nauyi. DiaStar tun fitowarta a 1962 an san ta da ƙarfen nan mai tauri da ba ya ƙarzuwa, nauyinta kaɗai ya isa shaida. Wannan da makullin gida na goga, ta yi zane. Na buɗe baya, sai ga wani ɗan inji mara suna an tallafe shi da zoben roba, mai ya bushe ya yi baƙi. A yini tana gudu da minti bakwai. Bidiyon na wata agogon ce daban, ashe ma an taɓa sa shi a wani zauren tun bara, wani abokina ne ya gano.

Na kira, ya ce direba ya musanya. Direba! Da safe lambar a kashe, ya toshe ni ko'ina. Uwargida ma ban gaya mata ba, 140,000 da bakin me?

Hotunan hirarmu da rasit ɗin banki duk suna nan, zan sa su da dare in na rufe sunana. Allah ya isa.

Kada ku yarda da bidiyon da aka turo. Kiran bidiyo kai tsaye, ya saita agogon kan lokacin da kuka faɗa mashi, ya buɗe baya kuna kallo. In ya ƙi, ku riƙe kuɗinku.