Birkin Zuƙe Iska ko na Matsa Iska a Jirgin Ƙasa

Ana yawan tambayar wanne birki ya fi dacewa da jirgin ƙasa. A birkin zuƙe iska, idan za a kama birki, direba yana shigar da iska cikin bututun da ya ratsa taragai, wanda aka zuƙe iskarsa, matsin ya bi taragai ɗaya bayan ɗaya, amma gogayya da bangon bututu tana raunana shi, don haka taragan baya kan makara wajen kamawa. Ƙarfinsa ba ya wuce matsin iskar sarari, sai dai gyaransa da sauƙi.

Na matsa iska, wanda George Westinghouse ya ƙirƙiro a 1869, ya fi ƙarfi, kuma bawul ɗin kowane tarago yana hanzarta saƙon kama birki, ko da yake kayansa sun fi tsada.

Gajerun tsoffin jiragen yawon buɗe ido na Ingila, birkin zuƙe iska ya ishe su. Dogon jirgin kaya kuwa sai na matsa iska.