Manifol ɗin Victor Jr. a kan injin Chevy 350: abin da na gani bayan wata huɗu

Injina Chevy 350 ne mai silinda 8, wanda na ɗora a kan tsohuwar a-kori-kura domin tseren mita 402, kuma shekara biyu ina amfani da Performer RPM, manifol (wato bututun da ke raba iska da fetur ga silindodi) mai ɗaki biyu da aka ƙera don juyin inji 1,500 zuwa 6,500 a minti. Bayan bakanikena na Tudun Wada ya sa mini kam (sandar da ke buɗe bawul ɗin inji) mai ƙarfi, sai injin ya riƙa sarewa a ƙarshen hanya, shi ya sa na yanke shawarar komawa manifol ɗin Victor Jr. na kamfanin Edelbrock. Shi ɗaki ɗaya ne buɗaɗɗe, da gajerun hanyoyi masu kai iska da fetur kowace silinda kai tsaye, kuma aikinsa daga juyi 3,500 ne zuwa 8,000.

Wahalar daga dillalin da ke kawo mana kaya daga Amurka ta fara. Na faɗa masa baki da baki, na kuma aika masa hoto, cewa kan silinda na injina, inda ake ɗaure manifol, tsohon samfuri ne mai ramin noti 12. Bayan mako bakwai ya kawo kwali, muka buɗe a gareji, muka aza, sai ga rami 8 kacal, wato na sabon samfurin kan silinda mai suna Vortec da aka fara yi a 1996. Bakanike ya sa yatsa yana ƙirga ramukan a gabansa, amma mutumin nan ya dube ni ya ce, “Alhaji, ai duk 350 ne, a kai Panteka a huda.” Na ƙi, domin matsalar ta wuce ramuka: bakin hanyoyin iskar ma bai hau daidai ba, kuma gaskit ba zai taɓa riƙewa ba. Sai da na ƙara jiran mako shida kafin na ainihin ya iso.

Ranar da muka fara gwaji a filinmu na bayan gari na kusa yafe wa dillalin. Daga juyi 4,000 zuwa sama motar ta zama wata daban, allurar juyin inji tana hawa babu tangarɗa har inda tsohon manifol yake shaƙewa, kuma kafireta Holley 750 ta zauna a kan sabon manifol ba tare da gyara ba. Tashi ne ya ba ni tsoro, domin ina taka totur sai ta yi nauyi na ɗan lokaci kafin ta ɗauka. Wannan ba aibin manifol ɗin ba ne. A ƙananan juyi iska ba ta gudu sosai a buɗaɗɗen ɗaki, don haka dole na sauya kwanbatar giya, wato abin da ke haɗa inji da giya, da wadda ke barin inji ya hau sama kafin ta kama. Da safiyar hunturu kuma injin yana daɗewa bai daidaita ba, saboda manifol ɗin ba shi da hanyar da zafin salansa ke bi ya ɗumama shi. Tsayinsa ma ya sa muka yanka bonet.

Wanda motarsa ta tsere ce zalla ya saya, wanda kuma yake shiga da ita cunkoson Kawo ya riƙe mai ɗaki biyu. Ni dai har yau, duk lokacin da na ɗaga bonet, kuɗin dakon da na biya sau biyu nake tunawa, kuma dillalin ya daina ɗaukar wayata tun ranar da na nemi ya mayar mini da rabi.