Zanen tawada na Elm Hill: aikin ya yi, firam ɗin ne bai yi ba

Wanda ya taɓa zama a Norwich, a gabashin Ingila, ya san Elm Hill, ɗan titin nan mai daɓen duwatsu da ke gangarowa daga cocin St Peter Hungate. Zanen titin na yi oda ta intanet, baƙar tawada zalla a kan farar takarda mai kauri. Kwafi ne aka buga, amma mai zanen ya sa hannu da fensir a ƙasa.

Abin da ya saye ni shi ne bangon cocin. Da dutsen ƙyastu aka gina shi, kamar yawancin tsofaffin majami'un garin, kuma wannan dutse wuyar zana gare shi, don babu guda biyu masu kama ɗaya. Mutumin nan bai yi ha'inci ba. Ka matso da ido kusa, za ka ga ya bi su ɗaya-ɗaya da bakin alƙalami, wani ya cike shi da tawada, wani ya bar cikinsa fari, har bangon ya yi ƙyallin da yake yi bayan ruwan sama. A 1460 John Paston, wani mai arziki na yankin, da matarsa Margaret suka sake gina cocin, kuma tsufan nan ya fito a takarda ba tare da an mayar da ginin kango ba. Britons Arms ma, gidan nan mai rufin ciyawa da ya tsira daga gobarar 1507 wadda ta cinye sauran titin, an ba shi haƙƙinsa. Rufin kamar ka kai hannu ka shafa.

Inda muka rabu da mai zanen, shirun ya yi yawa. Ba mutum, ba keke, ko allon shago babu. Gaskiya ne titin ba hayaniya, amma akwai masu sayar da kayan tarihi da wuraren shan shayi, mutane na rayuwa a wurin. Lokacin da hukumar gari ta so rushe unguwar a shekarun 1920, ƙungiyar Norwich Society, mai kare tsofaffin gine-ginen garin, ta tsaya kai da fata ne don a gyara gidajen a ci gaba da amfani da su. Mai zanen kuwa ya share kowa. (Wata baƙuwa ta ce hakan ya fi mata, tunda ba hoton mai rai a ciki.)

Firam ɗin kam asarar kuɗi ne. Roba ce aka yi wa fentin katako, kusurwa ɗaya ta iso a buɗe, ga kuɗin aikowa ya kusa kamo na zanen. Na yi wa mai shagon magana, ya ba da haƙuri, bai ƙara komai a kai ba.

In za ka saya, ɗauki babban, don a ƙaramin layukan bangon cakuɗewa za su yi. Ka ce a aiko maka takardar kawai, ka kai wa mai firam na unguwarku.