Na shiga dajin Osun na Osogbo, ga yadda na same shi

Wani ƙanina da ke sana'a a Sabo ta Osogbo ne ya matsa min lamba sai mun je, ni da farko ƙi nayi, nace me zai kai ni wajen bautar gargajiyar Yarbawa. Yace Yaya ai ba bauta zaka je ba, kai da aikinka rainon dashe ne, zo kaga itatuwa. Wallahi ban yi da-na-sani ba.

Kuɗin shiga ba yawa, sai dai in da kyamara kazo ita ma da nata kuɗin. Shawarata ka ɗauki ɗan rakiya, kar kace zaka zaga kai kaɗai. Namu wani dattijo ne mai haƙuri, yana ɗan taɓa Hausa, Malam yake ce min ina ce masa Baba. Kana wuce ƙofa zaka ji iska ta canza, a titi gumi muke yi amma ciki sanyi kamar an yi yayyafi, ƙasa da danshi, ruɓaɓɓen ganye ya yi kauri har ƙafa na nutsewa, ga birai nan suna saukowa karɓar ayaba a hannun mutane ba tsoro saboda ba mai harbinsu. Kuma fa duk wannan a gefen Osogbo babban birnin jihar Osun ne, hekta 75 ce kawai ta rage cikin irin kurmin da ya taɓa rufe yankin.

Abinda ya fi tsaya min a rai ba mutum-mutumin da aka sassaƙa a cikin dajin ba ne, duk da suma abin kallo ne. Gindin wani ƙaton rimi na tsuguna, na tarar da ƙananan tsirrai birjik sun fito da kansu, kala-kala, ba leda ba ban ruwa ba taki. Ni da nake shan wahalar wata da watanni kafin dashe ɗaya ya kama, nan ga shi daji na renon kansa don kawai an ƙyale shi. Akwai tsirrai sama da iri 400 a ciki, da yawansu na magani ne. Na roƙi Baba ko zan ɗan tsinci iri in tafi dashi gida, yace a'a Malam, baƙo baya ɗaukar komai anan. Raina ya so amma na ga gaskiyarsa, ai wannan a'a ɗin ce ta tsare wajen. Ba noma, ba farauta, ba kamun kifi a kogin Osun da ya ratsa dajin, ba sara.

Ashe ma an kusa rasa shi. Wajen shekarun 1950 an yi sakaci, aka sare wani ɓangare aka dasa itacen katako na tik, mafarauta suka fara shiga. Sai wata Baturiya 'yar Ostiriya, Susanne Wenger, ta haɗa kai da masu gargajiya da masu sassaƙa na garin suka tayar da wuraren ibadar, a 1965 gwamnati ta sa wajen cikin kayan tarihi na ƙasa, a 2005 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin na duniya. Ita kuma a Osogbo ta rasu a 2009.

Akidata daban tasu daban, wannan a fili yake, kuma ba wanda ya ce in yi wani abu da ya saɓa min. Amma na tuna garinmu, in kana neman tsohuwar tsamiya ko kuka yanzu sai dai tsohuwar maƙabarta, inda ake jin nauyin ɗaga gatari. Kowace damina ana bikin dashen itatuwa a ɗau hoto, kafin rani awaki sun gama dasu.

Abinda ya ɓata min rai ruwan kogin ne, ya yi jajir kamar kunun kanwa, masu haƙar zinare ta wajen Ilesa ne ke sako dagwalo, kuma mutane na ɗiba a jarka suna tafiya dashi gida. Sai robobin ruwa da baƙi ke yarwa a hanyar wata tsohuwar gada mai lilo da ke kan kogin.

In natsuwa kake so kar kazo a watan Agusta lokacin bikinsu, cinkoso ne sosai. Kazo da safe, da takalmi mai rufi, ka ware kamar awa biyu. Tauraro huɗu na basu cikin biyar, kuma in Allah ya kaimu baɗi da yaran da nake koya wa raino zan dawo.