Raƙumi da raƙumin dawa: dangi ne, ko kama ce kawai?

Malam, ka tambaya ko raƙumin dawa ɗan'uwan raƙumi ne na jini, tunda ka ga sunansa na kimiyya Giraffa camelopardalis, ga "camelo" a cikinsa ƙuru-ƙuru, shi kuwa raƙumi Camelus dromedarius. Ba kai kaɗai sunan ya ruɗa ba, amma kama da wane ba wane ba ne.

A irin waɗannan sunaye na Latin, kalmar farko ce ke faɗin gidan da dabba ta fito. Ta biyun laƙabi ce kawai, kuma laƙabi kan zo daga ko'ina. Na raƙumi, dromedarius, daga kalmar Girkanci yake mai nufin gudu. Na raƙumin dawa kuwa tsohon suna ne da Girkawa da Romawa suka laƙaba masa: sun ga wuya irin na raƙumi, sun ga roɗi-roɗi irin na damisa, sai suka haɗa biyun, raƙumi-damisa. A shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa ma Yuliyus Kaisar ya kai ɗaya birnin Roma, jama'a suka sha kallo. Linnaeus, masanin Suwidin da ya kafa tsarin suna mai kalma biyu, shi ma ya yi tuntuɓe a kansa, don a 1758 ya sa shi a gidan Cervus, wato barewar Turai mai ƙaho mai rassa. Sai a 1762 Bafaranshe Brisson ya ware masa Giraffa, kalmar da asalinta "zarafa" ce ta Larabci. Wanda ya raɗa masa raƙumin dawa da wanda ya raɗa masa camelopardalis, wuyan nan ne ya ja hankalinsu duka.

In kana son ka raba su, bar wuya, sunkuya ka dubi ƙafa. Raƙumi ba shi da kofato irin na saniya. Yatsu biyu ne masu ƙananan farata a kan tafi mai faɗi da taushi, in ya taka yashi sai ka ga tafin ya baje kamar an danna matashi, in ya ɗaga ya sake tattarewa. Raƙumin dawa kofato gare shi mai tsaga, mai tauri, faɗinsa ya kai faranti, kuma da shi yake shurin zaki. A baki ma haka: raƙumi na da fiƙoƙi sama da ƙasa, shi ya sa cizon amale ba wasa ba ne, raƙumin dawa kuwa babu haƙoran gaba a samansa sam, dasashi ne mai kauri kamar na akuya. Duka biyun suna tuƙa, sai dai tumbin raƙumi ɗaki uku ne, na raƙumin dawa huɗu, irin na shanu da tumaki. Nan ne maganar ta yanke a wurina: ta fuskar jini raƙumin dawa ya fi kusa da saniya fiye da raƙumi.

Tozo kitse ne, ba ruwa ba, kuma raƙumin dawa ba shi da shi. Shi abin da ya samu 'yan ƙahoni ne na ƙashi lulluɓe da fata, da harshe mai kusan santimita 45 da yake zaro ganye da shi daga tsakanin ƙaya. Taguwa kan yi kamar wata 13 da ciki, macen raƙumin dawa kamar 15, kuma a tsaye take haihuwa, ɗan ya faɗo ƙasa tim.

Kamar da ke tsakaninsu dai ba ƙarya ba ce. In suna tafiya, kowanne ƙafafun gefe ɗaya yake ɗagawa tare, dama biyu sannan hagu biyu, abin da ke sa mahayin raƙumi ya riƙa rangaji. Ƙasusuwan wuyansu kuma bakwai-bakwai ne, kamar naka da nawa, sai dai na raƙumin dawa guda ɗaya kan kai santimita 25.

Dangin kowa daban. Raƙumi ɗan zuriyar Camelidae ne, tare da mai tozo biyu, Camelus bactrianus, na hamadar Mongoliya da China, da lama da alfaka na tsaunukan Kudancin Amurka. Kakanninsu ma a Arewacin Amurka suka fara bayyana. Raƙumin dawa ɗan Giraffidae ne, kuma ɗan'uwa ɗaya tak ya rage masa a duniya, okapi, Okapia johnstoni, da ke ɓuya a dazuzzukan Kongo, wanda masana ba su tantance shi ba sai a 1901. In ka ga hotonsa ba za ka ce sun haɗa komai ba: wuya gajere, jiki ruwan ƙasa mai duhu, ƙafafu masu zane kamar na jakin dawa.

Tunda jakin dawa ya shigo zance, shi sunansa bai yi kuskure ba. Jaki Equus asinus, doki Equus caballus, jakin dawa Equus quagga. Kalmar farko ɗaya ce, gida ɗaya ne, har barbara kan yiwu tsakaninsu, ko da yake ɗan da ake samu galibi ba ya haihuwa, kamar alfadari.