Keken Inna ya dawo daga gyara: abin da na gani a hannun wani dattijo a Fagge

Wata huɗu ke nan da na karɓo keken ɗinkin Inna daga wurin gyara, kuma da gangan na yi shiru sai yanzu. Duk keken da ya fito daga hannun mai gyara zai yi ladabi na sati ɗaya ko biyu. Sai an sha ɗinkin Sallah da shi, an raba dare ana taka shi, sannan ake sanin ko gyara aka yi ko mai kawai aka shafa. To mun yi Sallah tare, don haka yanzu ina da bakin magana.

Inna kakata ce ta wajen uwa. Keken Singer ne baƙi, na takawa, mai ƙafar ƙarfe, wanda kakanmu ya saya mata a hannun wani tela tun mahaifiyata tana goye. Bayan rasuwar Inna ya faɗo a rabon mahaifiyata, ya yi shekara tara a ɗakin ajiya an rufe shi da tsohuwar tabarma. Da na ɗauko shi, gara ta ci gefen teburin, igiyar ta tsinke, kan keken kuma ya cije, ko da hannu biyu ba ya juyawa. Sanadin cijewar mun san shi a gida: a shekarunta na ƙarshe, idan man keke ya ƙare, man gyaɗa Inna take ɗiga masa, kamar yadda tsofaffi da yawa suke yi. Man gyaɗa kuwa idan ya daɗe a jikin ƙarfe daskarewa yake ya zama kamar ƙaro.

Na fara kai shi wurin wani matashi a unguwarmu. Ya samu ya juya shi, amma ɗinki ya ƙi. Zare ya dinga cukurkuɗewa a ƙasa, allura biyu ta karye a gabana. Ya ce ƙoshiyar ce ta mutu, wato ƙarfen da kwarkwaron zaren ƙasa yake zama a ciki, ya sa sabuwa, abin ya ƙara lalacewa. Daga ƙarshe ya ba ni shawara biyu: ko ya fesa masa sabon fenti ya manna tambari in sayar, ko in bar masa a kuɗin ƙarfe. Wani da ke zaune a wurin har ya tambaye ni ko an taɓa gwada shi da wayar salula, wai irin waɗannan akwai jar zaiba a ciki. Wannan tsohuwar jita-jita ce. A 2009 ta kama Saudiyya har mutane suka dinga sayen tsofaffin Singer da kuɗi masu yawa. Babu wata zaiba a keken ɗinki, ƙarfe ne da tagulla, kuma ina takaicin kekunan da aka farfasa a banza saboda wannan magana. Na ɗauko abina na dawo gida.

Wata ƙawar mahaifiyata ce ta kwatanta mini wani dattijo a Fagge, cikin layukan teloli. Shagon ƙarami ne, kawunan kekuna jere a kan katako har kusa da rufi, shi kuma yana zaune a benci da gwangwanayen notina kewaye da shi. Abin da ya fara burge ni shi ne bai ɗauki sukudireba ba. Ya sa yaronsa ya ɗora kan keken a gabansa, ya goge wani wuri da babban yatsa, ya daɗe yana dubawa.

"'Yata, kin san shekarar wannan?" Na ce, "A'a Baba, sai dai ku faɗa mini." Sai ya nuna mini tambarin tagulla da ke jikin ginshiƙin dama. Na taso ina ganin tambarin nan, amma ban taɓa lura yana da shuɗin zobe kewaye da shi ba. A jikin zoben an rubuta 1851 da 1951. A 1851 Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka, da kamfanin ya cika shekara ɗari sai ya fitar da kekuna da wannan tambari na musamman. Sannan ya nuna mini lambar da aka buga a gaban faifan keken ta hannun dama. Ta fara da harafin E da wani harafi a bayansa, alamar masana'antar Clydebank da ke kusa da Glasgow a Birtaniya, wadda ta fara amfani da irin wannan lamba daga 1935, aka kuma rufe ta a 1980. Wato keken ya haura shekara saba'in, masana'antar da ta ƙera shi ma ta daɗe da shuɗewa.

Daga nan ya shiga abin da ya fi muhimmanci ga mai ɗinki. Ya ce in dubi inda madaidaicin zaren sama yake, wato abin da ke matse zaren ko sassauta shi. Ba a gaba yake yana kallon mai ɗinki ba, a goshin keken yake yana kallon hagu. Wannan shi ne tambarin dangin samfuri na 15, wanda Singer ta fara shi tun 1879. Shi Japanawa suka kwaikwaya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi ne kuma asalin baƙin Butterfly na Shanghai da ya cika gidajenmu da shagunan teloli. Shi ya sa masu gyara suke ɗauka kayan wannan suna shiga wancan, kuma galibi suna shiga. Amma na Inna 15K88 ne, mai sandar komawa baya a kan wani faifai zagayayye mai lambobi daga 6 zuwa 30, kuma yana da bambanci biyu da suke kayar da wanda bai sani ba. Ɗan yatsan ƙoshiyarsa hagu yake kallo, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na agogo, alhali na Butterfly dama yake kallo, wajen ƙarfe ɗaya. Allurarsa kuma gefenta mai faɗi hagu ake juya shi, a zura zare daga dama zuwa hagu, akasin yadda hannun kowane telan Butterfly ya saba. Matashin nan ya cusa ƙoshiyar da ba ta wannan keken ba, ya kuma juya allurar baibai. Ƙoshiyar Inna ta asali, wadda ya ce ta mutu, na manta ta a shagonsa, da na koma nema an ce ba a gan ta ba. Wannan asarar har yau tana ci mini rai.

Aikin da Baba ya yi ba na gaggawa ba ne. Ya kwance murfin goshi da na baya, ya kifa kan keken, ya dinga ɗiga kananzir a kowace gaɓa yana barin sa ya kwana, washegari ya goge abin da ya narke ya sake ɗigawa. Na je sau biyu ina gani. Ƙazantar da ya zaƙulo daga ƙarƙashin haƙoran keken, ƙurar hunturu da burbushin zare da suka dunƙule kamar auduga, ta kusa cika murfin kwalba. Ya fitar da fayafayan madaidaicin zare ya goge tsatsarsu har suka yi santsi, ya canja ɗan siririn sifirin da ya lanƙwashe. Ƙoshiya kuwa ba sabuwa ya sa ba. Ya tona wani tsohon gwangwanin madara ya fito da ta Singer ta asali, wadda ya cire daga wani keke da ya fashe shekarun baya.

Inda na fi gode masa shi ne maganar fenti. Ni da kaina na ce ko za a ɗan fesa masa, don zanen ruwan gwal ɗin ya goge a inda hannun Inna yake sauka. Ya girgiza kai ya ce, "'Yata, in fenti kike so, ba ni ba ne mai yi." Baƙin jikin keken gasa shi aka yi a wuta, ba fesawa ba, zanen kuma a samansa yake da wani siririn shafi da ke kare shi. Ya hana ni kusantar da sabulu, omo, fetur ko sifirit gare shi, don suna cinye shafin, gwal ɗin ya koma fari ya bi tsumma. Da man keke da ƙyalle mai laushi kaɗai ya goge shi, a hankali, sai ga baƙin ya fito yana ƙyalli. Wurin da ya goge ɗin yana nan yadda yake, daidai faɗin tafin hannunta, kuma a nan nawa hannun yake sauka idan ina tura yadi.

Ba zan ɓoye inda aka ɓata mini ba. Sati ɗaya ya ce, sai da aka yi uku, kuma ba ya ɗaga waya, dole sai na shiga adaidaita na je na ji inda aka kwana. Igiyar da ya sa ta roba ce, ba ta fata ba. Da zafi ya yi sai ta saki ta dinga sulɓewa, har sai da na nemo ta fata a Kasuwar Sabon Gari na yanke daidai na ɗaure. 'Yar tayar robar da ke naɗa zare a kwarkwaro ita ma ta yi ƙanƙanta, tana tsallake. Katako kuma ya ce ba aikinsa ba ne, kafinta daban na nema ya cire inda gara ta ci. Kuɗin da ya karɓa bai kai na ɗinkin kala huɗu ba, kuma bai ƙara ko kwabo a kan abin da muka yi ciniki ba duk da kwanakin da aikin ya ci.

Shi keken, ɗinki miƙaƙƙe kawai yake yi, gaba da baya. Ba ya zigizag, ba ya ramin maɓalli, don haka wadda take neman keken ado ba wannan ba ne nata. Amma a miƙaƙƙen ɗinki ban taɓa taka kamarsa ba. Da allura mai lamba 14 yana bin atamfa da leshi ba tare da tattara su ba, da mai lamba 16 ko 18 kuma ya ratsa shadda ninki huɗu da bakin wandon jins ba tare da na taimaka masa da hannu ba. Ƙararsa ƙasa-ƙasa ce, har jaririyar maƙwabciyata takan yi barci a ɗakin ina aiki. A daren jajiberin Sallah aka ɗauke wuta tun magariba, na kunna fitilar caji na gama riguna uku kafin asuba, zare bai tsinke mini ko sau ɗaya ba.

Yanzu ina bin abin da ya koya mini. Ɗigo ɗaya na man keke a kowane rami, ba kwarara ba, sannan in taka a kan tsumma kafin in sa kayan mutane. Duk ƙarshen sati ina ɗaga farantin allura in share haƙoran da tsohon buroshi. In na tashi sai in sa ƙyalle a ƙarƙashin ƙafar danne yadi, in zame igiyar daga taya, in rufe shi ruf. Allura kuwa mai gefe ɗaya a faɗi nake saya, ba zagayayyiya ta keken masana'anta ba.

Na riga na tura mutum biyu wurinsa, kuma kowace na gaya mata ta tafi da igiyar fatarta, ta kuma ninka kwanakin da zai faɗa mata sau uku. Ni ma zan koma bayan Babbar Sallah, don ya yi mini alkawarin ƙoshiya ta biyu mai kallon hagu, in ajiye.